Tsohon Hannu da Zaɓen Fid da Gwani: Ya Shiga ko Ya Haƙura?

Duk lokacin da kakar zaɓen shugaban ƙasa ta ƙarato a Nijeriya, muhawara ɗaya takan dawo a majalisun hira, da ofisoshin jam'iyyu, da gidajen rediyo: dattijon da ya daɗe a fagen siyasa, wanda ya riƙe muƙamai ko ya sha neman kujerar a baya, ya dace ya sake sayen fom ya shiga zaɓen fid da gwani, ko kuwa ya koma gefe ya zama uba? Magoya bayansa sukan ce gogewa ba a sayenta a kasuwa. Masu adawa sukan ce ya ci zamaninsa, kada ya ci na 'ya'yansa.

Doka ba ta hana shi ba. Sashe na 131 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mai neman shugabancin ƙasa ya zama haifaffen ɗan Nijeriya, ɗan wata jam'iyya da ta tsayar da shi, mai ilimin da ya kai matakin sakandare, wanda kuma ya cika shekarun da aka ƙayyade. Da farko shekara 40 ce, aka rage ta zuwa 35 a gyaran da aka sanya wa hannu a watan Mayun 2018. Kundin bai saka iyaka ta sama ba. Abin da ya haramta, a sashe na 137, shi ne wanda aka riga aka zaɓa sau biyu ya sake nema. Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Jamhuriyar Benin ta tsayar da iyakar a shekara 70, abin da ya sa Mathieu Kérékou da Nicéphore Soglo ba su tsaya a zaɓen 2006 ba. Uganda tana da iyakar shekara 75, ta soke ta a 2017. A Nijeriya kuwa an bar maganar a hannun ɗan takara, da jam'iyyarsa, da masu jefa ƙuri'a.

Borno ta ɗanɗana wannan takaddama tun farkon Jamhuriya ta Biyu, kuma ɗanta ne a tsakiyarta. Da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage haramcin siyasa a watan Satumban 1978, Alhaji Waziri Ibrahim, haifaffen Yerwa, tsohon minista a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma hamshaƙin ɗan kasuwa, yana cikin waɗanda suka fara kafa jam'iyya. Jam'iyyar, wato NPP, ta samu ne daga haɗuwar ƙungiyarsa da wasu ƙungiyoyi biyu, ɗaya ita ce Club 19, wadda ta tara 'yan siyasa daga ƙananan ƙabilu da wasu sassan Kudu. Waziri ne ya fi kowa zuba dukiya. Yana son ya riƙe shugabancin jam'iyya, ya kuma zama ɗan takararta. Abokan tafiyarsa suka ce sai dai a raba muƙaman biyu, kuma da dama daga cikinsu hankalinsu yana kan wani mutum dabam: Dakta Nnamdi Azikiwe, shugaban ƙasa na farko, wanda a lokacin yake da shekara 74 kuma jama'a suka ɗauka ya yi sallama da siyasar jam'iyya. Babban taron jam'iyyar a Legas ya watse ba a daidaita ba. Waziri ya fice ya kafa GNPP da takenta na siyasa ba da gaba ba, Azikiwe kuma ya amsa kira ya karɓi tikitin NPP.

An yi ta cacar baki a jaridun lokacin a kan matakin Azikiwe. Wasu na ganin mutumin da ake kira uban ƙasa ya zubar da girmansa da ya sauko yana neman ƙuri'a tare da sa'o'in 'ya'yansa. Wasu na ganin yankin Gabas, wanda bai daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba, yana bukatar sunan da zai haɗa kansa ya mayar da shi cikin lissafin siyasar ƙasa. Sakamakon zaɓen 1979 ya ba kowane ɓangare abin kafa hujja. Shehu Shagari na NPN ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 5.7, Obafemi Awolowo na UPN miliyan 4.9, Azikiwe miliyan 2.8, Malam Aminu Kano na PRP da Waziri Ibrahim kowannensu kimanin miliyan 1.7. Azikiwe bai ci ba, amma NPP ta kafa gwamnati a Anambra da Imo da Filato, ta kuma ƙulla yarjejeniya da NPN wadda ta ba ta kujerar kakakin Majalisar Wakilai da wasu ministoci. GNPP ta ci Borno da Gongola. Mohammed Goni, wanda bai kai shekara 40 ba, ya zama gwamna a Maiduguri, Abubakar Barde kuma a Yola. Abin da aka rasa shi ne jam'iyyar da aka so ginawa tun farko, mai ƙafa ɗaya a Arewa maso Gabas, ɗaya a tsakiyar ƙasa, ɗaya a Gabas. Shigowar dattijon ta kawo ƙuri'un yankinsa, ta kuma mayar da jam'iyyar ta yanki. Ita ma GNPP ba ta daɗe da ƙarfinta ba: kafin zaɓen 1983 ta rabu, Goni ya nemi wa'adi na biyu a UPN, Asheik Jarma na NPN ya kayar da shi.

A daidai wancan lokaci NPN ta warware nata rikicin ta hanyar ƙuri'a. A taronta na Disamban 1978 a Legas, Shagari ya kara da Maitama Sule, da Adamu Ciroma, da Olusola Saraki, da Joseph Tarka, da Iya Abubakar. Tsofaffin ministocin Jamhuriya ta Farko da sababbin fuskoki irin su Ciroma, ɗan Potiskum (wadda a lokacin take cikin Jihar Borno), duk suka tsaya a gaban wakilai. Waɗanda suka faɗi suka zauna a jam'iyyar, aka ba su muƙamai. Bambancin taron NPN da na NPP ba a shekarun masu nema yake ba. A ɗaya an yarda da ƙa'idar fid da gwani kafin a shiga zaure, a ɗayan kuwa kan ƙa'idar kanta aka yi faɗa.

An taɓa gwada korar tsofaffin 'yan siyasa da ƙarfin doka. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta musu shiga siyasa a 1987 da sunan buɗe hanya ga sababbin jini, sannan a 1989 ta ƙi yi wa ƙungiyoyi 13 rajista, ta ƙirƙiro SDP da NRC da kanta. A wannan yanayi ne Babagana Kingibe, ɗan Borno kuma tsohon jakada, ya zama shugaban SDP na ƙasa a 1990. Sai dai waɗanda aka haramta wa ba su bar fagen ba. Daga gidajensu suke ɗaukar nauyin yaransu, su ne kuma ke yanke wanda zai tsaya. Da aka ɗage haramcin a ƙarshen 1991 suka fito fili. A zaɓen fid da gwani na 1992 Shehu Musa 'Yar'Adua ne kan gaba a SDP, Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi a NRC, gwamnati ta soke zaɓen bisa zargin maguɗi, ta hana masu neman su 23 sake tsayawa. Aka sake lale da tsarin da ya fara daga mazaɓa ya hau zuwa ƙasa. A taron SDP na Jos a Maris 1993, Moshood Abiola ya zo na ɗaya, Kingibe na biyu, Atiku Abubakar na uku; Atiku ya janye, Abiola ya yi nasara a zagaye na biyu, ya ɗauki Kingibe mataimaki. Atiku yana wurin ne a madadin gidan siyasar 'Yar'Adua, wato ko a taron sababbin jini, tsohon hannun da aka hana shiga yana da wakili a zauren.

Dalilin da ya sa tsohon ɗan siyasa yake da ƙarfi a zaɓen fid da gwani yana cikin yadda ake gudanar da zaɓen. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi amfani da ita wajen fitar da 'yan takarar 2023, ta ba jam'iyyu hanya uku a sashe na 84: 'yar tinƙe, inda kowane ɗan jam'iyya mai kati yake jefa ƙuri'a, zaɓen daliget, da maslaha, wadda sai duk masu neman da aka tantance sun amince a rubuce. Manyan jam'iyyu biyu suka zaɓi daliget. Kuma saboda yadda aka rubuta dokar, gwamnoni da 'yan majalisa da sauran masu zaɓe bisa muƙami ba su samu jefa ƙuri'a ba, sai wakilan da aka zaɓo domin taron kawai. APC ta ɗauki mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma, PDP mutum ɗaya. Borno tana da ƙananan hukumomi 27. Ke nan mutum 81 ne suka yi magana da yawun jihar a taron APC, a na PDP kuwa adadin bai kai talatin ba. Mutane ƙalilan irin waɗannan, ba talla a rediyo ke juya su ba. Wanda ya san gwamnansu, ya san shugaban jam'iyyar ƙaramar hukumarsu, ya je ta'aziyyar mahaifinsu shekara ashirin da suka wuce, ya taɓa sama wa ɗansu aiki, shi ne mai jarin da ake kashewa a irin wannan zaure. Irin wannan jari shekaru ne ke tara shi.

Sai kuma kuɗi. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin neman shugabancin ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Mai karɓar wannan albashi zai yi sama da shekara 270 yana tarawa bai taɓa ko kwabo ba kafin ya haɗa kuɗin fom ɗin APC. Fom ɗin ma somin-taɓi ne, domin akwai zagayen jihohi 36, da masaukin wakilai, da abin da ake yawan zargin ana raba musu a daren zaɓe. Mohammed Hayatu-Deen, ɗan Borno kuma tsohon shugaban banki, ya sayi fom ɗin PDP a wannan shekara, ya zagaya jihohi, sannan ya janye gab da taron yana kukan cewa kuɗi sun mamaye takarar. Peter Obi ma ya fice kwanaki kaɗan kafin taron ya koma jam'iyyar Labour. Rage shekarun takara zuwa 35 bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan shingaye ba. Atiku, yana da shekara 75, ya ci tikitin PDP da ƙuri'a 371, Nyesom Wike ya samu 237, bayan Aminu Waziri Tambuwal ya janye masa a kan mumbari. Bola Tinubu, yana da shekara 70, ya ci na APC da ƙuri'a 1,271, Rotimi Amaechi 316, mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo 235. Tinubu ya ɗauki tsohon gwamnan Borno Kashim Shettima mataimaki.

Hujja mafi ƙarfi ta masu goyon bayan shigar dattijo ita ce jama'a sun san shi, suna da abin da za su auna shi da shi. Muhammadu Buhari ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011, ya kuma faɗa a yaƙin neman zaɓen 2011 cewa wannan ne karonsa na ƙarshe. Da aka kafa APC, wasu a cikinta suka so ya tsaya a matsayin uba ya ɗaga hannun wani matashi. Ya ƙi. A taron Legas na Disamban 2014 ya samu ƙuri'a 3,430, Rabi'u Musa Kwankwaso 974, Atiku 954, ya kuma ci zaɓen 2015 yana da shekara 72. A Borno ya samu sama da ƙuri'a 470,000, shugaba mai ci Goodluck Jonathan bai kai 30,000 ba. A lokacin ƙananan hukumomi da dama na jihar sun faɗa hannun Boko Haram, Maiduguri ta cika da 'yan gudun hijira. Mutane sun tuna cewa Buhari ya zauna a garin yana gwamnan soja na Jihar Arewa maso Gabas a 1975, kuma shi ya jagoranci korar sojojin Chadi daga tsibiran Tafkin Chadi a 1983. Tsohon tarihinsa ne ya sayar da shi. A wasu ƙasashen yankin ma an ga haka: Abdoulaye Wade ya ci a Senegal a 2000 a karo na biyar, Mahamadou Issoufou ya ci a Nijar a 2011 shi ma a karo na biyar. Yawan faɗuwa kaɗai bai isa hujjar cewa mutum ya ƙare ba.

Masu adawa sukan fara da alƙaluma. Fiye da rabin 'yan Nijeriya ba su cika shekara 20 ba, kuma a rajistar INEC ta 2023, mai mutum sama da miliyan 93, kusan kashi 40 cikin ɗari 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. Suna tambayar yadda wanda ya yi makaranta kafin samun 'yancin kai zai fahimci rayuwar mai digiri da ke tuƙa Keke Napep. Tambayar tana da nauyi, amma ba ta yanke hukunci, domin matasan da kansu sun sha yin dogon layi su zaɓi tsofaffi. Maganar lafiya ta fi ta ƙarfi. Buhari ya shafe sama da kwana 100 a jere yana jinya a Landan a 2017. A Amurka, Joe Biden ya lashe zaɓukan fid da gwani na jam'iyyarsa a 2024 yana da shekara 81 ba tare da hamayya ta kirki ba, sai muhawarar watan Yuni ta fito da rauninsa, ya janye ranar 21 ga Yuli, aka bar Kamala Harris da 'yan watanni ta yi yaƙin neman zaɓe. Duk da haka, rikicin lafiya mafi tsanani da Nijeriya ta gani bai zo daga tsoho ba. Umaru Musa 'Yar'Adua yana da shekara 55 aka zaɓe shi. Ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamban 2009 bai miƙa mulki a rubuce ba, har sai da Majalisar Dokoki ta naɗa Jonathan muƙaddashi a Fabrairun 2010, ya kuma rasu a watan Mayu. Ranar haihuwa ba ta faɗar abin da likita zai faɗa, kuma jam'iyyun Nijeriya sun fi mayar da hankali kan takardun makaranta da na haraji wajen tantancewa fiye da lafiyar mai nema.

Abin da ya fi jawo wa jam'iyya asara shi ne wanda aka gani a 1978: shigar babban mutum takan rushe daidaiton da ke riƙe da ita. A Nijeriya wannan daidaito shi ne karɓa-karɓa tsakanin Arewa da Kudu, wanda babu shi a kundin tsarin mulkin ƙasa amma jam'iyyu suka daɗe suna aiki da shi. A 2022, da shekara takwas na Buhari suka kusa cika, gwamnonin Kudu sun nemi mulki ya koma yankinsu. Gwamnonin APC na Arewa suka goyi bayan haka, PDP kuwa ta bar takarar a buɗe. Da Atiku ya ci tikiti, gwamnoni biyar ƙarƙashin Wike suka ce sai shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu, wanda shi ma ɗan Arewa ne, ya sauka. Bai sauka ba, suka ƙi yi wa ɗan takararsu aiki. A zaɓen Fabrairun 2023 Tinubu ya samu kimanin ƙuri'a miliyan 8.8, Atiku miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso miliyan 1.5. Mutum uku na baya duk 'yan PDP ne a farkon 2022. Ba a iya haɗa ƙuri'unsu kai tsaye a ce ga abin da ɗan takara ɗaya zai samu, amma lissafin ya nuna cewa cin zaure da cin ƙasa abu biyu ne. Sashe na 134 yana bukatar mafi yawan ƙuri'u da kuma kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, abin da daliget ɗari huɗu ba sa iya bayarwa.

Akwai kuma matsayi na uku tsakanin shiga da komawa gida, wanda Adamu Ciroma ya riƙe a 2010. Bai nemi tikiti ba, ya jagoranci kwamitin dattawan Arewa da ya tace masu nema huɗu a PDP, wato Babangida, da Atiku, da Janar Aliyu Gusau, da Bukola Saraki, domin a fitar da mutum ɗaya da zai kara da Jonathan. Kwamitin ya zaɓi Atiku a watan Nuwamba, sauran suka janye, har da Babangida, wanda aka yi watanni ana gardama kan ko ya dace wanda ya soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 ya nemi ƙuri'ar jama'a. A taron Janairun 2011 Jonathan ya samu ƙuri'a 2,736, Atiku 805. Dattawa sun iya haɗa kan masu nema, gwamnoni ne kuwa ke riƙe da daliget.

Idan ɗan takara ya rasu ko ya janye bayan ya karɓi tikiti, jam'iyya ce ke ɗaukar nauyin cike gurbin. PRP ta shiga wannan hali da Malam Aminu Kano ya rasu a Afrilun 1983, watanni kaɗan kafin zaɓe. Ta tsayar da Hassan Yusuf, ƙuri'unta suka ragu ƙwarai. Dokar 2022 ta tanadi cewa ba a sauya ɗan takara sai in ya rasu ko ya janye da kansa a rubuce, kuma a irin wannan hali jam'iyya tana da kwana 14 ta sake gudanar da zaɓen fid da gwani ta miƙa wa INEC sabon suna.